Masu Biyan Kuɗi Su Kalli Ƙanƙara Na Narkewa

A Dauran, idan sabis ya kawo, mu ma hotunan na iso mu a waya: ƙaramin jirgin ruwa na ratsa teku tsakanin duwatsun ƙanƙara, fasinjoji cikin riguna masu kauri sun ɗaga kyamara. Sabon yayin masu hannu da shuni ke nan. Mutum ya biya dubban daloli, ya hau jirgin sama zuwa tsibiran Svalbard na ƙasar Norwe, daga nan ya shiga jirgi mai ɗaukar mutum ɗari ko ɗari biyu, a yi kwanaki ana yawo a yankin Aktik, can ƙuryar arewacin duniya. Tallar kuwa ɗaya ce: zo ka ga ƙanƙara kafin ta ƙare.

Masu harkar na cewa duk wanda ya gani da idonsa zai dawo ya zama jakadan kare muhalli. Mu ba mu yarda ba. Tun daga 1979 Aktik ke ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya, kuma hayaƙin man da ake ƙonawa ne sila. Jirgin saman da ya kai ɗan yawon da jirgin ruwan da ya zaga da shi duk mai suke sha. Wanda ya zo kallon gobara riƙe da galan ɗin fetur, wane irin jaje ya zo yi?

Ko ita Norwe ta gane ana wuce gona da iri. Daga Janairun 2025 ta hana jirgi mai fasinja fiye da 200 shiga wuraren da aka keɓe a Svalbard, ta kuma taƙaita wuraren sauka zuwa 43. Madalla. Amma dokar ta kare gaɓar teku ne daga sawun baƙi, ba ta hana hayaƙi tashi ba.

Hayaƙin nan kuwa bai san iyaka ba. Zafin da ke narkar da ƙanƙararsu shi ne ke dagula mana damina. Manomi a nan ya shuka gero da ruwan farko, sama ta ɗauke, ya sake sayen iri. Wata shekarar kuma ruwan ya zubo lokaci guda, ya kwashe fadama. Afirka baki ɗaya ba ta fitar da ko kashi 4 cikin 100 na wannan hayaƙi. Wasu sun ci, mu ake bi bashi.

Suna kuma kiran tafiyar tasu kasada. A Satumban 2023 jirgin Ocean Explorer ya maƙale a gaɓar Girinlan da mutum 206. Duniya ta zuba ido har aka janyo shi bayan kwana uku, kowa ya tsira. Mun taya su murna. Amma in kasada ake nema, a tambayi direban da ke ɗaukar fasinja daga Ƙaura Namoda zuwa Zurmi, ko mai kai awaki kasuwar Shinkafi. Ba mu ce zafin rana ne ya miƙa wa ɗan bindiga makami ba. Wannan laifin na gida ne, shugabanninmu za mu tuhuma. Sai dai ƙafewar mashaya da ƙarancin makiyaya sun ƙara wa rikicin itace.

A 2022, a Sharm el-Sheikh ta Masar, ƙasashen duniya sun amince da kafa asusun biyan asarar da sauyin yanayi ke jawo wa matalauta. To, ga inda jakadan gaskiya zai nuna kansa. A ɗora wa kowane tikitin irin wannan yawo haraji mai nauyi, a zuba a asusun, mu kuma mu tsare gwamnatocinmu har kuɗin ya zama rijiya, dashen itatuwa da iri mai saurin nuna. Wanda ya ƙi biya, ya daina kiran kansa jakada. Ɗan kallo ne.