Sai An Gwada A Kan San Na Ƙwarai

Duk wanda ya shiga ajin Yaƙi da Jahilci ya san yadda a ke samun takardar shaida. A kan miƙa wa mutum littafi a ce ya karanta, a ba shi alƙalami a ce ya rubuta wasiƙa. In ya iya ya ci, in ya kasa ya koma aji. Haka kuma mai neman lasin tuƙi, sai ya ja mota a kan titi, mai jarrabawa na zaune kusa da shi. To, me ya sa ɗalibin aikin gona zai fito daga jami'a da digiri mai daraja ta ɗaya, alhali ba wanda zai iya rantsewa cewa ya iya fid da damin gero daga gona?

Wannan magana ta shafi mutanen Darini da sauran ƙauyukan Batsari da Safana ƙwarai. Tun shekarar 2011 aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma, nan maƙwabtansu, tana da sashen koyar da aikin gona. 'Ya'yansu su na shiga can, wasu kuma su na tafiya Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka buɗe a 1962. Uba ya kan sayar da rogo da awaki ya biya kuɗin makaranta shekara biyar. Yaron da ya fito shi ne malamin gona na gobe, shi zai tsaya bakin gona ya ce a shuka kaza, a zuba kaza. Kurensa ba a takarda zai tsaya ba, a rumbun talaka za a gan shi.

Ga yadda a ke auna ɗalibi a yawancin jami'o'in Nijeriya. Kowane darasi yana da maki 100. Kashi 60 ko 70 na jarrabawar rubutu ne ta ƙarshen zango, saura na gwaje-gwajen cikin aji. Sa'an nan a tara makin dukan darussa a fid da matsakaicinsu, shi ne darajar digiri. Gaskiya ne an keɓe shekara ta huɗu domin aiki a gona, wannan kuwa shawara ce mai kyau. Amma sau da yawa abin da a ke dubawa a ƙarshenta shi ne littafin da ɗalibi ya cika da rahoton da ya rubuta. Watau an kai yaro gona, an komo an auna shi da mudun aji. Mai kaifin hadda ya kan wuce, ko da tsiron gero da na dawa sun rikita shi.

Kada mai karatu ya zaci ana rena ilmin littafi ne. Rashin sani ya fi dare duhu. Da ilmin littafi a ke sanin cewa buhun takin kamfa mai kilo 50, wanda aka rubuta wa 15-15-15, kilo 7 da rabi kaɗai ya ke ɗauke da shi na sinadarin da ke sa ganye ya yi kore, buhun yuriya kuwa kilo 23. Ashe ta wannan fuska buhu ɗaya na yuriya ya kai uku na kamfa. Da ilmin littafi a ke sanin cewa ƙuduji guda ya kan zub da iri dubbai, irin kuma ya kan kwanta cikin ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran saiwar dawa, saboda haka tilas a cire shi tun bai yi fure ba. Abin tambaya shi ne, wanda ya rubuta waɗannan a takarda, ya iya aiki da su in an tsai da shi gaban manomi mai eka biyu da kuɗin buhu ɗaya?

Jarrabawar da ta dace tana da ƙafa uku, kamar murhu. Ta farko, a yanka wa kowane ɗalibi fili nasa tun farkon damina, ya zaɓi iri, ya ƙirga ƙwaya 100 ya jiƙa a tsumma ya ga nawa suka tsira, ya yi huɗa, ya shuka, ya yi noman farko da maimai, ya girbe. A auna amfanin a kan sikeli, a duba lissafin abin da ya kashe da abin da ya samu. Ta biyu, a kai shi gonar da bai taɓa gani ba, a nuna masa masara mai hudajjen ganye, ya faɗi ko tsutsar nan ce da ta ɓulla a Nijeriya a 2016, ya faɗi maganinta, ya gwama shi daidai a cikin famfon feshi da hannunsa. Ta uku, a tara manoma goma, ya yi musu bayani da Hausa yadda a ke ajiye wake a buhu mai ninki uku ba tare da magani ba, su yi masa tambayoyi, malamai su na saurare. Wanda ya faɗi a ɗaya daga cikin ukun nan, ya sake shekara, kome yawan makinsa na aji. Ai ɗalibin likita ma sai an gwada shi a gaban majiyyaci kafin a sallame shi.

Masu jayayya za su ce, ruwan sama ba a hannun ɗalibi ya ke ba, in an yi fari yaya za a kama shi da laifi? Amsar mai sauƙi ce. Filayen su na jere, ruwa ɗaya ya sauka a kansu, sai a gwada kowa da na kusa da shi. Kuma a shekarar fari a ke gane gwani, gama ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Wanda ya lura damina ta makara ya koma iri mai saurin nuna, ya nuna ilmin da babu takardar da za ta nuna.

Waɗansu za su ce ƙasar ba lafiya. Ba mai musun wahalar da 'yan bindiga suka jawo wa ƙauyukan bakin dajin Rugu, har gonaki masu nisa suka koma saura. Ran ɗalibi kuwa amana ne, ba a kai shi inda zai halaka. Amma akwai filayen jami'a, akwai kuma madatsar ruwa ta Zobe kusa da Dutsin-Ma inda a ke noman rani. Wannan wahala ma ita ce ta ƙara wajabta gyara. Manomin da aka tsare shi a ɗan fili na bayan gari, yana bukatar malamin da ya san yadda eka ɗaya za ta ci da gida.

Akwai kuma masu girman kai, waɗanda za su ce, ina manomin da bai yi boko ba zai sa baki a jarrabawar jami'a? Su tuna da abin da ya faru a Samaru, inda aka fara binciken aikin gona tun 1922. Shekaru da yawa ma'aikatan gona su na horon mutane su shuka abu ɗaya a gona ɗaya, su na ganin haɗa gero da dawa da wake rashin wayewa ne. A 1966 da 1967 wani Bature masanin tattalin arzikin noma, David Norman, ya bi manoman Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi a ƙasar Zazzau, aka auna gonakinsu, aka ƙirga aikinsu da amfaninsu. Sai ga shi gaurayen shuka ya fi riba a eka, ya kuma fi tsare gida daga yunwa in abu ɗaya ya ƙi. Masana suka karɓi gyara daga masu fartanya. In manyan malamai sun koya daga manomi, ɗalibi bai fi ƙarfin amsa tambayarsa ba.

Saura maganar kuɗi. Lalle jarrabawar gona ta fi ta takarda tsada, sai an sayi iri da taki da sikeli. Amma amfanin da ɗalibai suka girbe a kan sayar, ya mai da wani abu. Hasarar malami ɗaya maras gwaninta kuwa, a gonaki ɗari a ke biyanta, kowace damina.

Saboda haka ya kamata Hukumar Jami'o'i ta Ƙasa da shugabannin sassan aikin gona su ba shekarar gona nauyin da ya dace da ita, ta zama ƙofar da ba a tsallakewa. Iyaye kuma, musamman waɗanda Allah ya buɗe wa ido da karatu, su na da nasu aiki. In yaro ya zo hutun damina, a yanka masa gayauna, a ce ya nuna abin da aka koya masa, a rubuta dami nawa ya samu, a gwada da na bara. In ya fi, a yaba masa a gaban jama'a. In ya gaza, a gaya masa tun yana da sauran shekara a makaranta. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kawo zaman lafiya a ƙasar Katsina.