Labarin zakin teku da maganin farfaɗiya

'Yan'uwa, kwanan nan wani uba ya kawo mini ɗansa mai farfaɗiya, riƙe da wani ɗan ƙunshin gari da aka sayar masa da sunan "sitem sel". An ce masa maganin Turawa ne da ke sabunta ƙwaƙwalwa. Ya sayar da awaki biyu kafin ya saya, kuma yaron ya yi wata guda bai sha ƙwayarsa ba. Shi ya sa nake so ku ji inda maganar ta samo asali.

A Kalifoniya ta Amurka akwai wata dabbar ruwa da ake kira zakin teku. Wani daga cikinsu, mai suna Cronutt, ya ci kifin da ke ɗauke da dafin gansakukar teku, dafin ya lalata masa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ya kamu da farfaɗiya. Magani ya daina yi masa aiki, ya bar cin abinci, ya rame. A watan Oktoba na 2020, likitoci tare da masanan jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka huda ƙoƙon kansa, suka dasa masa jariran ƙwayoyin halitta da aka ɗebo daga ƙwaƙwalwar tayin alade. Aikinsu shi ne su girma su zama masu taka wa ƙwaƙwalwa birki. Ya yi fiye da shekara bai faɗi ba. Kafin shi, an daɗe ana gwada wannan a kan ɓeraye.

Ni na yi murna da labarin, domin ya gaskata abin da muke faɗa muku kullum. Wa ya yi wa zakin teku sammu? Wace kishiya gare shi? Ciwon a ƙwaƙwalwa yake, a can kuma aka taɓa shi ya lafa.

Amma dabba ɗaya ce. A 2022 aka fara wani gwaji irin wannan a kan mutane, da mutane kaɗan waɗanda magani ya gaza musu. Kuma ku lura, rayayyun ƙwayoyi ne ake sakawa da allura a cikin ƙwaƙwalwa, a ɗakin tiyata. Garin da ake tsotsa a ƙarƙashin harshe ba shi da wata dangantaka da wannan aiki, sai aron suna.

Abin da ke ba ni takaici, muna da magani a hannu. Fenobabital da kabamazefin tsofaffi ne, masu araha, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa idan sun sha magani yadda ya kamata. Daina sha farat ɗaya kuwa yana iya jawo faɗuwa a jere, wadda kan yi kisa.

Idan ƙwayar tana sa yaronku barci da yawa, ko yana faɗuwa duk da yana sha, ku dawo da shi tare da katinsa, mu duba yawan da yake sha. Ku taho da ƙunshin garin ma, mu gani.