Wa Ya Cancanci Girma A Cikin 'Yan Sandan Sa Kai?

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ƙasar Kura da Bunkure da Kadawa ta zama wurin da dukiya ke kwana a waje. Injin ban-ruwa yana bakin kwata, buhunan shanshera suna jibge a gona, kwandunan tumatir suna jiran mota a Kwanar Gafan. Masu tsaron wannan dukiya da dare, daga can har Tamburawa da sauran ƙauyukan Dawakin Kudu, galibinsu 'yan sa kai ne, watau 'yan sintiri da 'yan sandan sa kai waɗanda ba su da albashi. Maganar da mu ke so mu ta da yau ita ce ta yadda a ke ba waɗannan mutane girma, musamman manyan muƙamai na shugabancin gunduma da na ƙaramar hukuma.

Wani zai ce, mene ne abin damuwa a kan igiyar da ba ta kawo ko kwabo? To, ai nan ne matsalar ta ke. Ɗan sandan Gwamnati in an hana shi saje, albashinsa na kofur yana nan. Shi kuwa ɗan sa kai ba shi da wata lada a duniya sai sunan kirki da girman da a ke ba shi. In ya yi shekara goma yana kwana cikin sanyin hunturu da sauron fadama, sa'an nan ya ga an ɗora masa wanda ya shigo bara domin ɗan'uwan wani babba ne, lalle ɗayan biyu za a yi: ko ya tuɓe riga ya koma gonarsa, ko kuwa ya zauna ya fara neman ladarsa daga aljihun manoma. Wanda kuma ya sami muƙami da kuɗi, a jikin talaka zai fanshe su.

Ba yau aka fara ba. Dattawa suna tune da 'yan dokan En'e, waɗanda su ke ƙarƙashin Wakilin Doka. Marigayi Alhaji Ado Bayero ya riƙe wannan muƙami a Kano daga 1957 zuwa 1962, kafin ya tafi jakadanci Senegal, ya dawo ya zama Sarki a 1963. 'Yan doka sun san ƙasa, sun san ɓarayinta gida gida, wannan ba a musunsa. Amma babban ƙorafin da aka yi a kansu shi ne an mai da su sandar dukan abokan hamayya, tun ba 'yan NEPU ba. Bayan da soja suka karɓi mulki a 1966 aka shiga rushe su, aka haɗe su da 'yan sandan Nijeriya. Abin da ya ci su kuwa, shugabanni da yawa sun fi duban fuskar wanda ya naɗa su bisa ga duban doka.

Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ba da wuri ga 'yan sandan sa kai, a shekarar kuma Gwamnatin Tarayya ta yarda a kashe naira biliyan 13 da ɗoriya domin shirin tsaro na haɗin gwiwa da jama'a. A 2023 aka yi ta ka-ce-na-ce a Kano sa'ad da aka sa wa tubabbun 'yan daba 50 rigar wannan aiki. Mu dai ba mu ƙi a karɓi tuban mutum ba. Amma in har an yi wannan gardama a kan ƙofar shiga, ashe matakalar hawa ta fi bukatar a dube ta, don wanda ke sama shi ke cewa a kama wane, a saki wane.

A ganinmu, kada a ba kowa shugabancin gunduma sai ya bi matakai daga ƙasa, kuma akwai littafin da ya nuna aikinsa: daren da ya fita, ƙarar da aka kawo masa, da sa'ar da ya miƙa wanda ya kama ga ofishin 'yan sanda. Wannan na ƙarshe shi ne ma'aunin gaskiya. Shugaban da ke tsare mutum kwana uku a shago, ko ya yanke tara shi da kansa a kan shanun da suka shiga albasa, ya zama alƙali ba da naɗi ba, ko da kuwa ya fi kowa jarunta. Sa'an nan a yi masa jarrabawa. Ba muna nufin ta Turanci mai wuya ba. A ba shi takarda da alƙalami ya rubuta rahoton sata da Hausa, da boko ko da ajami, a kuma tambaye shi iyakar ikonsa. Kwamitin da zai zauna ya haɗa da hakimi ko wakilinsa, da babban ɗan sandan yanki, da liman, da wakilin manoman rani, da arɗon Fulani. Mun ambaci arɗo da gangan, gama yawancin rigimar wannan yanki a kan burtali da mashaya ta ke tashi, wanda kuwa ɓangare ɗaya kaɗai ya zaɓa ba zai raba faɗa ba. Muƙamin kuma ya zama na shekara uku, in ya yi kyau a sabunta.

A Ingila, inda aka yi dokar irin waɗannan 'yan sanda tun 1831, suna da nasu matakan girma, amma babbansu ba ya ba ɗan sanda na sosai umurni. Ya kamata a bayyana wa namu haka tun ranar naɗi, don anini a kafaɗa yakan sa mutum ya manta.

Saura ku malaman ofis da malaman makaranta. Littafin nan da mu ke faɗi ba zai rubuta kansa ba, akawun ƙaramar hukuma ne zai riƙe shi, kada kuwa ya cika shi a daren da za a zauna. Akwai kuma 'yan sintiri masu gaskiya da hankali waɗanda rashin karatu kaɗai zai hana su hawa. Azuzuwan firamare na Dawakin Kudu da Kura da Bunkure a rufe su ke bayan la'asar. Malami ɗaya in ya ba da sa'a biyu a mako, daga girbin shinkafa zuwa faɗuwar damina, ya isa ya koya wa mutum goma rubuta rahoto.