“Ai Ya Kama” Ba Hujja Ba Ce: A Kan Gejin Da Ake Cusa Wa Wutar Gaban Mota

Akwai wata jimla da ake rufe aiki da ita a garejin masu gyaran wayar mota, wadda ta cancanci a yaƙe ta. Mai mota ya sayo geji biyu ko uku masu haske a Kofar Ruwa ta Kano, ko Panteka ta Kaduna, ko Apo ta Abuja: na zafin ruwan inji, na ƙarfin batir, na matsin baƙin mai. Rewaya ya kwanta a ƙarƙashin sitiyari, ya fere wata waya da reza, ya murɗa sabuwa a kanta, ya naɗe da baƙin salatif. Aka murɗa makulli, gejin ya haska shuɗi, sai ya ce: “Ai ya kama, Alhaji.” Mai mota ya biya ya tafi. Kamawar wuta abu ɗaya kawai take nunawa, wato akwai lantarki a wayar da aka taɓa. Ba ta faɗin wace waya ce, ko me kuma yake rataye a kanta, ko abin da zai faru ranar da salatif ɗin ya saki.

Shi kansa gejin ba abin zargi ba ne. Ƙananan motoci da yawa, irin su wasu samfuran Toyota Yaris da Honda Fit, ba su da allurar zafin inji. Fitila ce kawai take kunnuwa ja bayan ruwa ya riga ya yi zafi. Wanda yake tuƙi a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da zafi kan wuce digiri 40, yana da dalilin son ganin lamba kafin lagireto ya tafasa. Rigimar tana kan inda ake ɗauko wa gejin wuta.

Gejin lantarki yakan zo da wayoyi huɗu. Ɗaya tana neman wutar da ke zuwa idan an murɗa makulli, ɗaya ana ɗaure ta a ƙarfen jikin mota, ɗaya tana zuwa na'urar da ke jin zafi ko matsi a inji, ta huɗu kuma ita ce ta haske. Wannan ta huɗun an yi ta ne domin gejin ya san dare ya yi: ta shiga layin da ke kunna fitilun allon gaban direba, ya kunnu tare da su, ya dushe tare da su idan an juya maɓallin rage haske. Aikin gaggawa yakan haɗa ta da wayar makulli a murɗa su wuri guda. Sakamakon shi ne gejin da ke haskawa da iyakar ƙarfinsa dare da rana, ba mai iya rage shi.

Wanda ya ɗauki wannan a matsayin batun ado bai yi tuƙin dare tsakanin Zariya da Funtuwa ba. Idon ɗan Adam yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya gama sabawa da duhu, haske mai ƙarfi kuma yana rushe wannan sabon cikin ɗan lokaci. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa biyu da ido ya ɓata yana komawa daga shuɗin geji zuwa baƙin kwalta sun isa a shafe fiye da mita 50, a hanyar da tirela kan tsaya ba fitila. Masu ƙera mota sun sa maɓallin rage haske ne saboda wannan, kuma gejin da ya fita daga ikon maɓallin ya ɓata amfaninsa.

Ko rewayan da ya nemi layin haske da gaskiya yana iya ɓarna idan bai san irin layin da ke gabansa ba. A tsofaffin motoci, maɓallin rage haske na'ura ce mai tauye wuta, tana mayar da ragowar zafi, kuma an auna ta daidai da yawan ƙwayayen da kamfani ya sa. Geji uku masu ƙwan wat 5 kowanne sun ƙara wat 15, wato fiye da amfiya 1 a kan bolt 12, kuma maɓallin ne zai ɗauki zafin wannan ƙarin. A motocin Japan da yawa kuma, ragin hasken yana faruwa ne a wayar dawowa, ba a wayar da ke kawo wuta ba. Wanda ya ɗaure wannan wayar a ƙarfen mota ya tsallake maɓallin, duk fitilun allo sai su tsaya a cikakken haske. Sababbin motoci sun fi haka wuya: kwamfuta ce take rage haske ta hanyar kunnawa da kashewa sau ɗaruruwa a daƙiƙa, ko ta aika wa allon umarni ta layin sadarwa na CAN, wanda kamfanin Bosch ya gabatar a 1986. Wayar wannan layin tana kama da kowace waya a ido. Fitilar gwaji da aka soka mata, ko gejin da aka rataya a kanta, yana iya rikita na'urorin da ba su da wata alaƙa da haske. Wayoyin da aka naɗe da ruwan ɗorawa a ƙarƙashin sitiyari kuwa na jakar iska ne, reza ba ta da hurumi a wurin.

Mafi munin lamarin yana zuwa bayan watanni. Salatif mai araha yana saki a zafin motar da ta wuni a rana, murɗaɗɗiyar waya ta taɓa ƙarfe, fiyus ya ƙone. A motoci da dama, fitilun allo da danjar baya suna shan wuta ta layi ɗaya, don haka motar tana iya shiga duhu ta baya direba bai sani ba. A nan fiyus ya yi aikinsa, domin an sa shi ne ya mutu kafin waya ta yi zafi. Amma maimakon a nemo inda wayar ta taɓa, sai a zare ruwan ƙasa mai amfiya 7.5 ko ja mai 10, a soka kore mai 30, ko a ɗaura zaren waya a gurbinsa. Zafin da waya ke yi yana ƙaruwa ne da ninkin wutar a kanta: idan wuta ta ninka huɗu, zafi ya ninka goma sha shida. Siririyar wayar da ke bayan allo, kewaye da roba da soso, ita ce za ta zama fiyus ɗin. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Rewaya yana da amsarsa: shekara da shekaru yana wannan aiki, ba motar da ta dawo a ƙone. Amsar ba ta da ƙarfi, domin motar da ta ƙone ba ta komawa gareji, kuma batirin da ke mutuwa kowace safiya ko allon da ke ƙyaftawa ba safai ake danganta su da gejin bara ba. Duk da haka, ɗora masa laifin duka rashin adalci ne. Ya koyi sana'ar da kallo a kan Peugeot 504, wadda wayoyinta ba su da sirri, sai kasuwa ta cika masa gareji da motocin Kwatano masu kwamfuta ba tare da zanen wayarinsu ba. Babban laifin yana kan mai motar da ya yi karatu, wanda ba zai sa hannu a takardar kwangila bai karanta ba, amma zai miƙa motar miliyoyin naira, ya yi cinikin kuɗin aiki har ƙasa, ya tsaya a kan mai gyara yana duba agogo. Wanda ya biya kuɗin minti goma, aikin minti goma zai samu.

Hanyar da ta dace ba ta da tsada. A nemo wayar haske da mita, ba da fitilar gwaji ba: ita ce wadda ba ta nuna komai idan fitilu suna kashe, ta nuna kusan bolt 12 idan an kunna ƙananan fitilu, kuma a duba ko karatunta yana sauyawa idan an juya maɓallin ragi. A cire kan batir na ɓangaren ƙarfen mota kafin a yanka komai. Wutar gejin ta fito daga akwatin fiyus, da nata ƙaramin fiyus bisa ƙimar da takardar gejin ta faɗa. A liƙe mahaɗa da dalma ko a matse ta da maɗauri, a rufe da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi. Wayar da za ta ratsa ƙarfe zuwa inji ta bi ta zoben roba. Ga motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 kuma, akwai soket ɗin OBD-II mai ramuka 16 a ƙarƙashin allo, wanda geji zai iya karanta zafin ruwan inji ta cikinsa ba a fere waya ko ɗaya ba.

Kafin mai mota ya biya, tambaya uku sun ishe shi: daga wace waya aka ɗauki wutar, ina fiyus ɗinta, kuma gejin yana dushewa idan an juya maɓalli? Rewayan da ya amsa ukun ya cancanci ninkin abin da ya nema. Wanda bai da amsa sai “ai ya kama”, a bar motar a garejinsa har ya kwance salatif ɗin ya sake aikin.