JINGINAR DA HARAJIN GOBE: KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI

Jama'a, duk mai son ganin yadda 'yan jari-hujja ke zura hannu cikin aljihun talaka suna masa murmushi, to ya dubi garin Burlington na jihar Vermont a Amurka, garin da mutanensa ba su wuce dubu 45 ba. A ranar 8 ga Nuwamba 2016 aka kira mutanen garin su jefa ƙuri'a a kan wata dabara da Amurkawa ke taƙaita sunanta da TIF, wadda in za a faɗi gaskiyarta da Hausa, sai a ce jinginar da harajin gobe.

Ga yadda ake yin ta. A Amurka, harajin gidaje da filaye shi ne babban abin da ke riƙe da makarantun gwamnati. Sai mahukunta su shata wata unguwa, su ce darajar gine-ginenta ta tsaya a yadda take yau. Harajin wannan tsohuwar daraja zai ci gaba da shiga baitulmali. Amma duk ƙarin da aka samu daga baya, har tsawon shekara ashirin ko fiye, sai a karkatar da shi zuwa wani asusu na daban, a riƙa biyan bashin da aka ciwo, da kuɗin ruwansa, don share wa wani attajiri hanyar gininsa. Daga nan sai su dubi talaka ido da ido su ce wai ba a taɓa masa ko sisi ba!

A Burlington, wani mai harkar gine-gine, Don Sinex, shi ne ya yi alkawarin rushe tsohon rukunin kantuna na tsakiyar gari ya tayar da benaye hawa 14, da gidaje da ofisoshi da shaguna. Magajin gari na lokacin, Miro Weinberger, ya tsaya kai da fata. Aka ce jama'a su amince da dala miliyan 21.8 don sake buɗe titunan Pine da St. Paul, waɗanda mahukunta da kansu suka toshe tun bayan da suka tashi unguwar talakawa, akasarinsu 'yan asalin Italiya, a shekarun 1960 da sunan gyaran gari. Wasu 'yan gari suka yi ta kururuwa cewa wannan fa cinikin biri a sama ne, amma ƙuri'a ta rinjaye su.

To me ya biyo baya? A ƙarshen 2017 aka fara rusau, aka gama a 2018, sai aiki ya tsaya cik. Wani wagegen rami ya zauna a cibiyar gari shekara huɗu cur, har mutane suka daina kiran wurin da wani suna sai “ramin”. A 2020 katafaren kamfanin nan Brookfield da ake tutiya da shi ya tsame hannunsa, hukumar gari ta garzaya kotu, sannan aka sasanta a 2021. Sai a ƙarshen 2022 aka koma aiki, shi ma da aka rage tsawon ginin.

Masu kare wannan tsari suna cewa ai gari ya yi wayo, tunda yarjejeniyar ta ce ba za a biya attajiri ba sai ya gama titunan. Mun ji. Amma waye zai biya ƙananan 'yan kasuwar da suka wayi gari da kango a maƙwabtansu shekara da shekaru? Sannan idan an zo biyan, daga aljihun wa za a ciro? A Vermont harajin ilimi na jiha ne gaba ɗaya, kuma doka ta ba garuruwa damar riƙe kashi 70 ko 75 cikin ɗari na ƙarin wannan haraji a irin waɗannan unguwanni. Ke nan manomin da ke can ƙauye, wanda bai jefa ƙuri'a a Burlington ba, shi ma da guminsa a ciki. A 2023 mai binciken kuɗi na jihar, Doug Hoffer, ya bankaɗo kurakurai masu yawa a lissafin asusun, har ya ce garin ya mayar wa baitulmalin ilimi kuɗin da ya riƙe ba bisa ƙa'ida ba.

Babbar hujjarsu ita ce wai ba don wannan tallafi ba, da ba za a yi ginin ba sam, don haka kuɗin da aka karkatar dama can babu su. Wannan magana waye shaidarta? Attajirin da ke neman kuɗin! Yaushe aka taɓa tambayar kura ko akuya na buƙatar rakiya? Alhali darajar fili a tsakiyar gari takan hau da kanta, ko an gina ko ba a gina ba, kuma wannan hawan ma asusun ke lamushe shi. Wani malamin jami'a, William Lester, ya bi diddigin unguwannin Shikago da aka yi wa wannan tsari, ya fitar da bincikensa a 2014, bai ga alamar sun samar da ayyukan yi fiye da takwarorinsu ba.

A can Shikagon ne, a watan Mayu 2013, aka yanke hukuncin rufe makarantun gwamnati kusan 50, mafi yawansu a unguwannin baƙar fata, wai babu kuɗi. A cikin watan dai magajin gari Rahm Emanuel ya shelanta ware dala miliyan 55 daga irin wannan asusu don aikin filin wasa da otal. Wane irin rashin kunya ne wannan? Hatta Kalifoniya, wadda ta ƙirƙiro dabarar a 1952, da tura ta kai bango sai gwamna Jerry Brown ya rusa hukumomi fiye da 400 masu cin wannan ganima, suka daina aiki a Fabrairu 2012, bayan sun kai ga kwashe wajen dala biliyan 5 duk shekara.

Ba mu ce kada a gyara titi ko a raya kasuwa ba. Idan titi haƙƙin jama'a ne, a sa shi cikin kasafin kuɗi a fili, a auna shi da buƙatar makaranta da asibiti, kowa ya gani. Idan kuwa ginin riba ne, to mai cin ribar ya sa kuɗinsa, ya ɗauki asararsa. Amma a ce riba ta attajiri ce shi kaɗai, bashi kuwa a rataya shi a wuyan yaran da ba su ma shiga aji ɗaya ba, wannan zalunci ne ko da an yi masa ado da ƙuri'a. Allah Ya kiyashe mu da romon baka.