KADA A ƁATA TSOHON KEKE GARIN NEMAN GIYA

Manomin da ke da tsohon keke Raleigh ya san abin da ya mallaka. Shi ke kai taki gona, shi ke kai buhun gero kasuwa, shi ne kuma ke ɗaukar mara lafiya zuwa asibiti da tsakar dare. To, ga shi yanzu kekunan gwanjo masu giya sun yawaita, mai tsohon keke yana tura kaya a hawa, sai ya ga yaro ya wuce shi yana feda a zaune. Daga nan sai ya sayi ɗan ƙarfen nan mai ƙananan gargare biyu, wanda ke ɗauke sarƙa daga wannan haƙori zuwa wancan, watau macanjin giya, ya kai wa mai gyara ya ce a ɗaura. A nan ne kekuna masu kyau su ke lalacewa.

Dalili kuwa shi ne ba a ƙera tsohon firam domin wannan ƙarfe ba. Na farko, tsakanin ƙafafun firam na baya, inda hob ke zama, faɗinsa milimita 110 ne zuwa 114. Fulawul mai hawa biyar yana son 120, mai hawa shida yana son 126, kekunan zamani kuwa 130 ko 135. Na biyu, babu kunnen da za a ɗaura macanjin a kai. Na uku, sarƙar tsohon keke faɗinta kashi ɗaya cikin takwas na inci ne, ta giya kuwa siririya ce, ba ta zama sosai bisa haƙoran gaba masu kauri. Har wa yau zaren da masana'antar Raleigh ta Nottingham a Ingila ta yanka a gindin feda 26 ne a kowane inci, na sauran kekunan Ingila 24. Wanda ya tilasta wa kayan wani keke shiga nan, ya cinye zaren ke nan.

Ko kekunan da aka yi da kunne tun asali, ba duka su ke shan inuwa ɗaya ba. Kamfanin Campagnolo na Italiya ya yi kunnensa da rami mai zare na milimita 10, shi ne duniya ta bi daga baya. Amma tsofaffin kekunan Faransa irin su Peugeot, masu kunnen Simplex, raminsu milimita 9 ne, ba zare, ba kuma ɗan tudun da macanjin zamani ke tokara.

Abin takaici, maganin da a kan yi wa duk wannan shi ne guduma da wuta. A buɗe firam da ƙarfin tsiya, a kai wa mai walda ya liƙa kunne. Wuta kan raunana bututun, ta narkar da tagullar da ke riƙe da mahaɗa, firam kuma ya karkace. Ran da aka ɗora buhu biyu a kariya, ran nan a ke gane an yi gyaran gangar Abzinawa.

Wanda lalle sai ya sa giya, akwai hanya ta hankali. A fara aunawa kafin a sayi kome. Firam na baƙin ƙarfe ya kan yarda a buɗe shi a sanyi, kaɗan kaɗan, kowane gefe daidai da ɗan'uwansa. A zaga igiya daga ƙafar baya ta hagu, ta bi ta wuyan keke ta komo ta dama, a duba ko bututun sirdi yana tsakiya. Firam na alminiyam ba a buɗe shi, tsagewa ya ke yi. Maimakon walda a nemi ɗan faranti mai ƙugiya wanda notin hob ke dannewa, a ɗaura macanjin a jikinsa. Kunnen Simplex kuwa, a yanka masa zare na 10, a fitar da tudun da zarto.

Amma mai kaya ya yi lissafi tukuna. Akwatin sarƙa zai tafi, ƙura da yashi su samu hanya. Za a sāke ɗinkin waya bisa sabon hob, ƙafar baya kuma ta rage ƙarfin ɗaukar nauyi, domin wayoyin gefen fulawul sun fi miƙewa da ɗaurewa.

Alhali abin da manomi ke nema sauƙin hawa ne, ba tsere ba. In haƙoran gaba 46 ne, na baya 18, kowane zagayen feda yana juya ƙafa sau biyu da rabi. A canja fulawul zuwa mai haƙori 22, a ƙara wa sarƙa gaɓa biyu, nauyin feda zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ba a taɓa firam ba. Wanda ya samu hob mai giya uku na Sturmey-Archer, irin wanda a ke yi tun 1936, ya fi dacewa, gama domin irin wannan firam aka yi shi, giyarsa kuma a rufe ta ke.

Saboda haka masu gyara su riƙa gaya wa mai keke gaskiya kafin su karɓi kuɗinsa. Macanji kullum yana nan a kasuwa, amma firam irin na da, in ya karye a tsakiyar damina, manomi ya koma ɗaukar taki a ka.