4K ɗin jikin kwali da hoton da ke isowa falo



Wannan makon mun ɗan ajiye batun littafi da alƙalami, za mu leƙa kasuwa. A yanzu jeren amarya ba ya cika sai an maƙala talabijin a bango, kuma ba kowace iri ba, sai wadda ake kira simat, mai shiga intanet. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023 duk wani kayan da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi, don haka uba ko yaya ko ango kan tara kuɗin wata biyu zuwa uku kafin ya tunkari shago. Da ya shiga Sabon Gari ko titin Beirut a Kano, abin da zai fara karo da shi manyan haruffa ne a jikin kwali: 4K, HDR, Android. Mai shago ya karanto masa su kamar kirari, shi kuma ya ƙirga kuɗi.

Ba mu da faɗa da talabijin mai araha. Ita ce daidai aljihun yawancinmu. Inda muke da magana shi ne, mukan biya kuɗin abin da idonmu ba zai taɓa gani ba, mu bar abin da za mu zauna da shi kullum.

Mu fara da 4K ɗin nan. Hoton allo ƙananan ɗigo-ɗigo ne aka jera. Allon 4K yana da 3840 a kwance da 2160 a tsaye, wato ɗigo sama da miliyan 8. Wanda ake kira Full HD yana da 1920 da 1080, kimanin miliyan 2. Yawancin masu inci 32 kuwa 1366 da 768 ne, miliyan ɗaya da 'yan kai. A takarda ratar tana da yawa. To amma ido yana da iyaka. Idan allo inci 43 ne, kujera kuma tana nesa da shi da mita 3 kamar yadda falukanmu suke, mai lafiyar ido ma ba zai raba 4K da Full HD ba. Sai ya matso ƙasa da mita 2 sannan bambancin ya fara fitowa. Wa ke zama haka? Sai yara, su ma ana korar su baya.

Ko da idon zai gani, ina hoton yake? Tashoshin da muke kamawa ta dikoda da tauraron ɗan'adam, mafi kyawunsu HD ne, da yawa ba su ma kai nan ba. Labarina da Izzar So da muke bi a YouTube, mu da kanmu muke rage ingancinsu zuwa 480 ko 360 don kada data ta ƙare kafin a gama shirin. Kamfanin Netflix ya ce kallon 4K yana iya cin gigabait 7 a awa guda. Fim ɗaya mai awa biyu ke nan gigabait 14. Mu tuna a watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kuɗi har kashi 50 cikin ɗari. Gida nawa ne a unguwanninmu za su ciyar da talabijin irin wannan abinci? Idan aka ba allon 4K ƙaramin hoto, dole ya miƙe shi ya cike gurbi, wannan aikin kuwa na ƙwaƙwalwar talabijin ne, kuma a nan ne masu araha suka fi rauni. Shi ya sa za ka ga fuskar jarumi ta yi damau kamar an shafa mata man kaɗanya, alhali a wayarka tas take.

HDR ma kusan haka ne. Manufarsa wuri mai haske ya yi haske sosai, mai duhu ya yi duhu, ba tare da ɗaya ya cinye ɗaya ba. Wannan yana son allo mai ƙarfin fitila, ninkin abin da masu araha ke iya fitarwa. Su dai suna karɓar saƙon, suna nuna tambarin a kusurwa, amma sau da yawa hoton sai ya fito dishi-dishi fiye da na yau da kullum, musamman da rana a falo mai taga.

Abin da ya kamata mu tsaya a kansa, wanda ba a rubuta shi da manyan haruffa, shi ne irin allon. Masu araha galibi iri biyu ne. Akwai VA, baƙinsa baƙi ne sosai, yana daɗin kallon fim da daddare, sai dai wanda ya zauna a gefe zai ga launi ya koɗe. Akwai IPS, daga kowane ɓangare launinsa ba ya sauyawa sosai, amma a duhu baƙinsa toka-toka yake. Yanzu mu dubi yadda muke kallo. Maigida a kujerar tsakiya, uwargida a ta gefe, yara a kan leda ko tabarma suna ɗaga kai, maƙwabta a bakin ƙofa ranar ƙwallo. Gida irin wannan IPS ya fi masa. Ango da amarya su biyu a ɗaki, VA zai fi ba su daɗi. Ba lallai yaron shago ya san sunayen ba, kuma ba sai ya sani ba: a kunna, ka taka zuwa gefe, ka durƙusa, ka duba ko fuskar mutum ta sauya launi.

Kada kuma a ruɗu da hoton furanni da tsuntsaye da ke yawo a allon shago. An zaɓe shi ne musamman, kuma an ƙure haske da launi don ya ja ido. A tafi da filashi ɗauke da irin abin da ake kallo a gida, wani yanki na fim ɗin Hausa da na ƙwallo, a ce a saka. Ƙwallon zai nuna ko hoto yana jan jela idan ana gudu. Wurin da aka ɗauka da dare zai nuna ko haske yana tsiyaya daga gefen allo.

Sai ita kanta simat ɗin. Masu araha da yawa ƙwaƙwalwar aikinsu gigabait 1 ce ko ɗaya da rabi, ma'ajiyarsu 8, ƙasa da ta ƙaramar wayar da ke hannun ƙannenmu. Farkon saye tana gudu. Bayan shekara biyu ko uku manhajoji sun yi nauyi, kamfani ya daina aiko da sabuntawa, a danna rimot a jira kamar mai jiran canji a wurin ɗan Adaidaita. Allon kuwa lafiyarsa ƙalau. A ganinmu wannan ɓangaren bai cancanci a ƙara masa ko sisi ba, domin ɗan akwatin Android da ake jonawa ta HDMI yana maye gurbinsa, idan ya tsufa a sauya shi kaɗai. Allo mara kyau kuwa ba shi da magani.

Wuta ma tana da nata hukuncin. Mai inci 55 tana shan wuta fiye da mai inci 43 nesa ba kusa ba, wanda ke kan sola ko ƙaramin janareta zai ji a jikin batirinsa. Sannan cutar da ta fi kai waɗannan talabijin wurin mai gyara ita ce mutuwar fitilun bayan allo: murya na fita, hoto babu. Barin hasken a ƙure dare da rana yana gaggauta ta, haka ma wutar da ke zuwa da ƙarfi bayan an ɗauke. Rage hasken kyauta ne. Sitabilaiza ko ɗan na'urar kare wuta kuɗi ne, amma bai kai kuɗin sabon allo ba, kuma ya kamata a sa shi cikin lissafi tun daga gida.

Ga kuma jabu, wanda ake liƙa wa sunan babban kamfani. Incin talabijin daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, allon kaɗai ban da firam: inci 32 santimita 81 ne, inci 43 kuma 109. Tef ɗin tela ya isa ya tona asiri. A buɗe kwali a shagon, a kunna a gaban mai shi, a karɓi rasit mai lambar talabijin ɗin da takardar garanti, a kuma tambayi inda ake kai ta idan ta samu matsala.

Da za a ba mu kuɗin mai inci 50 marar asali da ke ɗauke da tambarin 4K, mu Full HD mai inci 43 ta kamfanin da ke da wurin gyara a garinmu za mu ɗauka, canjin mu sayi sitabilaiza. Masu haɗa kayan ɗaki a cikinmu, idan gwaggo ta dage sai babba don 'yan ganin jere, a nuna mata lissafin data da na wuta tukuna.